Fure a Kwalliya da Fim: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Wai me ake nufi idan aka ce kowane fure da halinsa?

Ana nufin mutane sun daɗe suna kallon fure su jingina masa ɗabi'ar ɗan Adam. Jan wardi ace soyayya ce mai zafi, farin lili ace tsarki da kamun kai, sanfulawa, babban furen nan mai ruwan ɗorawa, ace fara'a da riƙon amana. Shi furen bai san ana yi ba, yana can yana kiran ƙudan zuma su zo su ɗauki garinsa, mu ne muka dubi kalarsa da ƙamshinsa da yadda yake buɗewa da yadda yake mutuwa muka ce wannan ai kamar wance ne, wancan kamar wane. Amma jinginawar ba haka kawai aka yi ta ba, kusan kowace ma'ana idan kuka bi ta a hankali za ku tarar da wani abu na zahiri a jikin furen ko a tarihinsa wanda ya haifar da ita. Masu zana kaya da daraktocin fim da wannan suke aiki, shi yasa fure ɗaya a gaban riga ko a kan tebur yake iya faɗa muku wacece wannan matar tun kafin ta buɗe baki.

Daga ina wannan fassarar ta samo asali?

Wadda ta fi yaɗuwa yanzu daga Turai ta fito, amma Turawan ma aro suka yi. Matar jakadan Ingila a Istanbul, Lady Mary Wortley Montagu, wadda ta zauna a can 1717 zuwa 1718, ta rubuta wasiƙu gida tana ba da labarin yadda ake aika saƙo da ƙananan abubuwa kamar fure, zare, 'ya'yan itace, ba tare da an rubuta komai ba. A can Turkiyya abin wasan amsa-amo ne, sunan abin da aka aiko shi zai tuna maka da baitin da ya yi daidai da shi a sauti. Turawa suka ɗauka suka juya shi, suka mayar da shi kowane fure da ma'anarsa guda. A 1819 wani littafi ya fito a Paris wanda ya jera furanni da ma'anoninsu, ya karɓu sosai, daga nan ire-irensa suka cika Ingila da Amurka musamman zamanin Sarauniya Victoria.

Japan ma suna da nasu tsarin daban da suke kira hanakotoba, China da Indiya da Farisa kowa da nasa tun kafin wannan na Turawan.

Kenan ma'anar ɗaya ce a ko'ina?

Ko kusa. Ko waɗancan littattafan na ƙarni na 19 ba su yarda da juna ba, sai ku buɗe wannan yace abu kaza, ku buɗe wancan yace akasinsa. Wardi mai ruwan ɗorawa a tsofaffin littattafan kishi yake nufi, yau kuma masu sayar da fure sun mayar da shi na abota. Kirisantimam a Japan furen gidan sarauta ne, shi ne a hatimin sarki mai ganye 16, amma a Faransa da Italiya furen maƙabarta ne, farkon Nuwamba ake kai shi kan kaburbura, don haka ba a shiga da shi gidan mutum da sunan kyauta. A Rasha kuma har ƙirge yana da ma'ana, mai rai ana ba shi adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, uku ko biyar ko bakwai, wanda yake rabuwa daidai na jana'iza ne.

Wani furen ma tarihi ne ya ɗora masa ma'ana a rana ɗaya. Jan kaneshan a Fotugal yana tuna musu 25 ga Afrilu 1974, ranar da aka kifar da mulkin kama-karya mutane suka rinƙa soka furen a bakin bindigogin sojoji. Jan popi a Ingila na tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi ne, a watan Nuwamba ake maƙala shi a ƙirji. To kun ga idan kuka ga fure a fim ko a jikin riga, tambayar farko ita ce a wace ƙasa, a wane zamani.

Furen da na fi so yana faɗin halina da gaske?

A'a, ba ta hanyar da waɗannan gwaje-gwajen na intanet suke nunawa ba, wai ki zaɓi fure a faɗa miki ko ke mai haƙuri ce ko mai zuciya. Wannan wasa ne, kuma idan kin lura bayanin da suke bayarwa zai dace da kusan kowa. Amma ni ban yarda a ce zaɓin bai nuna komai ba. Wadda kullum hannunta yake kaiwa kan yadi mai manyan furanni masu ihu, da wadda take neman ƙanana da sai an matso za a gane fure ne, akwai abin da kowacce take so ido ya yi da ita, ɗaya tana so a ganta daga nesa ɗaya tana so a zo kusa. Wannan zaɓi ne na yadda mutum yake son bayyana kansa, kuma yana canzawa da shekaru da yanayi, ba hatimi bane da aka buga miki.

To waɗanne halaye ake jingina wa furannin da aka fi sani?

Wardi shi ne gaba, kyau da ƙamshi da ƙaya duk a reshe ɗaya, shi yasa ake ba shi halin mai jan hankali wadda kuma ba a taɓa ta a kwana lafiya. Farin lili dogo ne, miƙaƙƙe, ba ya son hayaniya, a zane-zanen cocin Turai shi ake sakawa kusa da Maryam, daga nan ya samu ma'anar tsarki, kuma shi ɗin dai ake kaiwa jana'iza. Okid ana ganinsa mai aji mai wuyar sha'ani, don a ƙarni na 19 masu kuɗin Ingila har mutane suke turawa dazuzzukan Kudancin Amurka da Asiya su nemo musu shi, kuma da wuya ya rayu a hannun wanda bai san kansa ba. Nasisas kuwa sunan wani saurayi ne a tatsuniyar Girkawa da ya ga fuskarsa a ruwa ya kasa tashi, sai furen ya gaji son kai, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗan sunkuyar da kai kamar mai leƙen ruwa.

Sanfulawa nasa labarin ya fi burge ni. Ana cewa mai biyayya ne don yana bin rana, gaskiya ne amma rabi. Yana ƙarami kafin ya gama buɗewa shi ne yake juyawa daga gabas zuwa yamma da rana, cikin dare ya koma gabas ya jira. Da zarar ya girma sai ya tsaya cak yana kallon gabas, hantsi ya ɗumama shi da wuri, ƙudan zuma su fi zuwa masa. Lotas, wanda yake kama da bado a ido duk da ba dangi ɗaya bane, yana fitowa daga taɓo amma ganyensa ba ya riƙe datti, ruwa yana zuba ya dunƙule ya gangara ya tafi da ƙurar. Wannan ne yasa a Indiya da ƙasashen mabiya Buddha ya zama alamar mutumin da ya tashi cikin ƙazanta bai ƙazantu ba.

Tulib kuma halinsa biyu. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya furen fada ne, har akwai zamanin da ake kira da sunansa, 1718 zuwa 1730. A Holan kuwa yana tuna wa mutane hauka a kan dukiya, don farashin albasarsa, wato curin da ake shukawa mai kama da albasa, ya yi ta hawa har ya faɗi warwas a Fabrairun 1637. Waɗanda aka fi rububi a kansu masu zane-zanen kala biyu ne, sai daga baya aka gano ƙwayar cuta ce take jawo zanen.

Yaushe aka fara buga fure a jikin yadi?

Saƙa da surfani sun daɗe sosai a China da Farisa da sauran wurare, amma yadin auduga mai bugun fure wanda ba ya zuba idan an wanke, wannan gwanintar Indiyawa ce, musamman na gaɓar Coromandel. Sun san yadda ake kama rini a jikin auduga tun Turawa ba su sani ba. Da jiragen 'yan kasuwa suka fara kai shi Turai a ƙarni na 17 mata suka yi caa a kai, ga sauƙi a jiki ga kala ga wankuwa, har masu saƙar ulu da siliki suka tayar da hankali. Faransa ta haramta shi a 1686 ba ta ɗage ba sai 1759, Ingila ma ta yi dokoki a 1700 da 1721. Hanin bai hana sakawa ba, fasa-ƙwauri aka shiga yi, kuma neman yadda za a kwaikwayi wannan yadin a gida yana cikin abin da ya tura masana'antar auduga ta Ingila gaba.

Ƙananan furanni cunkus da ake gani a rigunan yara da shet, kamfanin Liberty na Landan da aka buɗe a 1875 ya yi suna da su. Manyan kuma masu faɗi kamar yaro ne ya zana, ku duba Unikko na kamfanin Marimekko a Finlan, wanda Maija Isola ta zana a 1964 bayan mai kamfanin ta ce ba za su buga fure ba. Popi ne, kuma har yau ana buga shi.

Me yasa ba a maganar fure a kwalliya sai an ambaci Dior?

Don shi ba buga fure kawai ya yi a yadi ba, rigar kanta ya mayar fure. Christian Dior, mai zana kaya ɗan Faransa, ya tashi a garin Granville a gidan da mahaifiyarsa take da lambu a bakin teku, ya san furanni tun yana yaro. Ranar 12 ga Fabrairu 1947 ya nuna ɗinkinsa na farko a Paris, bayan shekarun yaƙi da ake awon yadi ana ɗinka riguna masu kafaɗa kamar na soja. Shi kuma sai ga kafaɗa mai laushi, ƙugu a tsuke, siket ya baje ya ci yadi mai yawa, idan mace ta juya sai ya buɗe kamar fure da aka kifa. Sunan da ya ba wa wannan salon ɗinkin ma na zagayen ganyen fure ne, Corolle. A 1953 ya sake fitar da wani mai siffar tulib.

Furen da ya fi so shi ne lilin kwari, wani ɗan fari mai kama da ƙananan ƙararrawa a jere, har yakan sa a ɗinke reshensa a cikin kalmasar riga don yana ganin yana kawo sa'a. Ba a iya tatsar turare daga wannan furen, don haka turaren Diorissimo na 1956 haɗa ƙamshin aka yi daga wasu sinadarai har ya yi kama. Ƙanwarsa Catherine, wadda aka sa wa turaren Miss Dior sunanta, 'yar gwagwarmaya ce da 'yan Nazi suka kama suka kai sansanin Ravensbrück, da ta dawo da rai sai ta kama sana'ar sayar da fure a kasuwar Les Halles ta Paris. Duk sanda na ga wannan turaren ita nake tunawa.

Shi kuma farin furen nan na Chanel fa?

Kameliya ce. Fara, ganyenta a jere tsaf kamar da ma'auni aka tsara, ba ƙaya, kuma irin wadda Gabrielle Chanel, mai zana kayan da ta kafa kamfanin Chanel, take so ba ta da ƙamshi, don haka ba za ta yi faɗa da turaren da mace ta fesa ba. Ta dace da matar da take son baƙi da fari da ɗinki mara tarkace. Ku kwatanta da abin da muka faɗa a kan Dior a sama za ku ga hali biyu ƙarara, ɗaya lambu ne a cike ɗaya fure guda a kan baƙar riga. Na yadin da ake maƙalawa a rigunan kamfanin, gidan Lemarié na Paris da aka kafa a 1880 ne yake yin su da hannu, ana yanka ganye ɗaya-ɗaya a lanƙwasa shi da ƙarfe mai zafi sannan a harhaɗa.

A Japan kuma wannan furen dai da yawa ba sa kai wa mara lafiya shi, saboda idan zai faɗi ba ganye-ganye yake zuba ba, kan gaba ɗaya yake faɗowa.

Ana ɗinka riga da fure na gaske?

Ana yi, amma don nuni ne ba don sakawa ba. Alexander McQueen, mai zana kaya ɗan Ingila, a nunin kayan bazarar 2007 ya fito da wata doguwar riga da aka lulluɓe da furanni, na gaske da na siliki a haɗe, mai sanye da ita tana tafiya furannin suna zubowa a bayanta, kuma zubowar tana cikin abin da yake son a gani. A Yulin 2012 da mai zana kaya Raf Simons ya yi nuninsa na farko a kamfanin Dior, bangon ɗakunan aka rufe da ɗanyun furanni tun daga ƙasa har sama, kowane ɗaki da kalarsa.

Na roba da na yadi kuwa suna da nasu tarihin mai ciwo. A ƙarni na 19 ana yayin koren ganyen ƙarya a hula da gashi, kuma koren an haɗa shi da gubar asanik. 'Yan matan da suke barbaɗa garin a ɗakunan aiki su suke shaƙa, hannuwansu su yi gyambo. A 1861 wata yarinya mai shekara 19, Matilda Scheurer, ta mutu a Landan ta wannan hanyar, labarinta ya shiga jaridu ya sa aka fara ƙyamar wannan koren.

Fure a gashi ko a ƙirji, na mata ne kawai?

Ba na mata kawai bane. Firaministan Indiya na farko Jawaharlal Nehru an san shi da jan wardi a maɓallin rigarsa, kuma ramin nan da kuke gani a wuyan kwat ta hagu nan ake soka fure. A ɓangaren mata, mawaƙiyar Amurka Billie Holiday da farar gadiniya a gefen kai, mai zane Frida Kahlo ta Meziko da furanni masu kala a saman kitso. Abin da ya sa nasu ya zauna a ido shi ne naci, abu ɗaya suka riƙe har ya zama da an gani an san su.

Me daraktocin fim suke nema a wajen fure?

Abu uku nake gani. Na farko kala, ja a tsakiyar ɗaki mai fari ko toka dole ido ya je wajen. Na biyu lokaci, don fure yana buɗewa ya yi yaushi ya mutu a gaban mai kallo, darakta ba sai ya rubuta "bayan sati biyu" ba, ya nuna tulun fure ya bushe an gane, har an gane ba wanda ya kula da gidan. A katun ɗin Beauty and the Beast na 1991 wardin da ke cikin gilashi agogo ne kawai, duk ganyen da ya faɗo wa'adi ya ragu. Na uku matsayi, wa yake sayarwa wa ake saya wa. A City Lights na Charlie Chaplin, 1931, makauniya ce take sayar da fure a bakin titi ta ɗauka talakan da ya saya attajiri ne, duk fim ɗin a kan wannan fure ɗaya ya ginu, kuma ba a buƙaci magana ba don fim ne mara magana.

Me yasa tsofaffin finafinan Indiya suke nuna furanni biyu suna haɗuwa?

Saboda shekaru da dama sumba a allo abu ne da masu tace fim da masu kallo ba sa so, sai daraktoci suka samu mafita, jarumi da jaruma su matso kusa, kyamara ta kauce ta nuna furanni biyu iska tana kaɗa su suna taɓa juna. Kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya. Daga baya gonar furen gaba ɗaya ta zama wajen soyayya. Yash Chopra ya kai Amitabh Bachchan da Rekha lambun tulib na Keukenhof a Holan don wata waƙa a Silsila, 1981, sannan a 1995 aka yi haɗuwar nan ta Shah Rukh Khan da Kajol a gonar mastad mai ruwan ɗorawa a Dilwale Dulhania Le Jayenge. Bambancin yana da ma'ana, tulib ɗin mafarki ne na can wata ƙasa, mastad kuwa amfanin gona ne na Punjab, yana cewa an dawo gida.

Fure a fim kullum soyayya yake nufi?

Sam. A The Wizard of Oz na 1939 gonar jan popi tarko ce, duk wanda ya ratsa barci ya kwashe shi, kuma ba a banza aka zaɓi popi ba tunda daga wani nau'insa ake samun opiyom, wani abu mai sa maye da barci. A American Beauty na 1999 jajayen wardi sun cika farfajiya da teburin gidan da daga waje komai tsaf ne ciki kuma ya ruɓe. Masu finafinan ban tsoro sun gane cewa mugun abu ya fi tayar da hankali idan ya faru da rana tsaka a cikin furanni, don mai kallo ya riga ya saki jiki. Idan kun koma amsar da ta yi maganar lili da kirisantimam za ku ga dama can fure yana zuwa biki yana zuwa maƙabarta.

Furannin da muke gani a fim na gaske ne?

Wasu. Matsalar ita ce ɓangaren fim na minti biyu ana iya kwana uku ana ɗaukarsa, fitilu suna da zafi, tulib kuma ko an yanke shi yana ci gaba da tsawo a cikin ruwa yana lanƙwasawa wajen haske, sai a zo haɗa fim a ga furen ya canza tsayuwa tsakanin magana da amsa. Don haka masu shirya wuri sukan tanadi damin fure iri ɗaya da yawa a ajiye a sanyi, su ɗauki hoton yadda aka jera, na nesa a sa na siliki, na kusa da kyamara a sa na gaske.

Akwai shuɗin wardi da baƙin wardi da gaske?

Wardi ba shi da sinadarin da yake ba da shuɗi a halittarsa, shi yasa ya zama alamar abin da ba a samu. Waɗanda kuke gani shuɗi shar fari ne aka rina. Kamfanin Suntory na Japan ya fitar da wani a kasuwa a 2009 bayan an yi masa dashen ƙwayar halitta, amma a ido ya fi kama da shunayya mai haske. Baƙin ma ja ne da ya yi duhu sosai, ku kai shi rana za ku ga jan a gefen ganye.

Ina son sa yadi mai fure amma ina tsoron ya yi min yawa, ya zan yi?

Fara da kallon yadin daga nesa, taku biyar ko shida, don daga nan mutane za su ganki ba daga inda kike riƙe da shi ba. Ƙananan furanni daga nesa narkewa suke su zama kala ɗaya, to ki tabbata wannan kalar kina sonta. Manya kuma suna nan a matsayinsu, sai ki yi wa tela magana a kan inda kowanne zai faɗo, kar babban fure ya zauna daidai inda ba ki son ido ya tsaya, kar kuma ɗinki ya raba shi biyu a tsakiyar gaba. Yadi mai manyan furanni yana son ɗinki mai sauƙi, in aka cika masa tattara da yanka-yanka zanen ya lalace, kuma yakan ci yadi fiye da mara zane saboda sai an daidaita furen a mahaɗa.

Duba bayan zanen ma. Fure ɗaya a kan baƙi ko shuɗi mai duhu yana ba da nauyi da natsuwa, shi ɗin dai a kan fari ya koma na rana da wasa. Mayafi da takalmi da jaka ki ɗauko kalarsu daga cikin zanen, ƙaramar kalar da ba ta yi yawa ba kamar ta ganye ko ta tsakiyar furen, ki bar su ba zane. In kuma har yanzu kina ɗari-ɗari, bi hanyar da muka faɗa a amsar kameliya, kaya mara zane da fure guda ɗaya a kafaɗa ko a ɗankwali, in kin saba sai ki ƙara.